Filin Goggo: Ƙanena zai auri Ba'indiya, mu kuma aljihu ba nauyi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Goggo, ina wuni, ya zafi ya mutanen gida. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ce babba a ɗakinmu, Baba ya rasu shekara shida kenan, Inna ce ta rage mana sai Baffa ƙanin Baba da ke sayar da atamfa a babbar kasuwa. Autanmu ya tafi karatun haɗa magunguna a Indiya, garin Haidarabad, yanzu ya kusa gamawa, niyyarsa ya dawo ya buɗe farmasi a nan Garwa. Toh Goggo a can ya haɗu da wata yarinya 'yar ajinsu, musulma ce, an ɗan sha fama da iyayenta da farko amma yanzu sun yarda har babanta ya yi magana da Baffa ta WhatsApp, shi yana Turanci Baffa yana Faransanci da Hausa yaron yana fassara. Sun ce a sa rana. Matsalar ita ce tun da maganar nan ta fita Inna ba ta barci, ta ce ita ta san bikin Indiyawa a fim, doki ne da giwa da zinare da rawa kwana bakwai, ina za mu kai? Duk abin da muka tattara, har da kuɗin adashena da saniyar Inna guda, bai wuce sefa miliyan biyu da rabi ba. Ƙawayena kuma sai zuga ni suke wai dole mu fitar da anko na sari mu yi lefe akwati goma sha biyu kar a raina mu. Ni dai ina son a yi abu cikin kwanciyar hankali ba bashi, amma ba na son a ce dangin ango sun zo hannu na dukan cinya. Ya za mu yi? Su waye za su je? Me za mu kai?

Taku, yayar ango, daga Yelwa, Garwa.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa auren nan ya zama alheri. Fara zuwa ki ce wa Inna ta kwanta ta yi barcinta, giwa ba za ta zo ba.

Bikin da muka taso muna kallo a fim yawanci bikin attajirai ne, kuma mafi yawa na mabiya addinin Hindu ne daga arewacin ƙasar, ga shi an ƙara masa gishiri saboda kallo. Haka bikin ɗan gidan Ambani da aka yi a Mumbai a watan Yulin 2024 wanda ya cika mana waya, wannan ai gidan da ke cikin mafi kuɗi a duk Asiya ne, ba shi ne ma'auni ba. Surukanku musulmin Haidarabad ne, kuma musulmi a Indiya ba 'yan tsiraru ba ne yadda muke zato, ƙidayar 2011 ta ce sun haura miliyan 170, kashi 14 cikin ɗari na ƙasar. Aurensu nikah ne da waliyyi da shaidu da sadaki da walima, har sunayen ma kusan namu ne saboda duk daga Larabci muka ɗebo.

Ni na zauna a garin nan wata uku lokacin da na raka Alhaji aikin gwiwa, ɗaki muka kama a gidan wani bawan Allah mai gyaran agogo, kuma muna nan aka aurar da 'yarsa. Abin da na gani a gidan nan shi zan gaya miki, don shi ne zai cece ki.

Mu a nan in an ce aure, wa ke rasa barci? Ango da danginsa. Kuɗin gaisuwa, na sa rana, lefe, sadaki, gida. Iyayen amarya ma suna shan nasu da kayan ɗaki da gara, amma dai idon gari yana kan akwatin lefe. Su can abin a juye yake. Uban amarya ne ke zubar da jini. Akwai abin da suke kira jahez, wato kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji, amma ya wuce kayan ɗaki irin namu, wani dangin ango har lissafi suke kawowa a rubuce, firji, gado, mashin, wani mota. A Haidarabad har da wani kuɗi daban da ake ba ango a hannu wai na ɗinkin kayansa, jode ki rakam suke ce masa. Sannan abincin ranar ɗaurin aure da zauren biki duk a kan uban yarinya. Gwamnatin Indiya ta haramta neman irin wannan dukiya tun 1961, doka ce a rubuce, amma al'ada ta fi ƙarfin takarda, har yau ana yi, har yau akwai 'yan matan da suke tsufa a gida saboda ubansu ba shi da abin bayarwa. Malamansu kullum cikin wa'azi suke a kai, a 2021 ma babbar majalisar nan tasu mai kula da shari'ar iyali ta musulmi ta yi gangami na musamman a kan a sauƙaƙa aure, a ɗaura a masallaci, a daina jahez. Mai gidan da muka zauna, da idona na gan shi daren jajibirin biki zaune a bakin matattakala da littafin bashi a cinyarsa yana share gumi, matarsa ta ce min shekara goma sha biyu suna tara wa wannan dare.

Kin gane inda na dosa ko? Kina nan kina tsoron kar su raina lefenku, shi kuma baban yarinya ina tabbatar miki yana can yana lissafin me waɗannan baƙin za su nema a wajensa. Kowa na jin tsoron kowa. Toh faɗuwa ta zo daidai da zama. Baffa ya sake kiran mutumin nan, yaro ya fassara, ya ce masa a fili: mu a al'adarmu ba ma karɓar ko sisi daga gidan amarya, ba ma son jahez, ba ma son kuɗin ɗinki, ɗanmu mu za mu yi masa sutura. Wallahi in kuka faɗi wannan kun gama sayen mutunci a gidan nan, ya fi akwati goma sha biyu nesa ba kusa ba. Daga nan sai Baffa ya ɗora da cewa mu ma ga iya ƙarfinmu, za mu kawo sadaki da 'yan kaya daidai gwargwado, a yi taro ɗaya a nan wajenku mu yi ɗaya a wajenmu. Kowane gida ya yafe wa ɗaya nauyin da al'ada ta ɗora masa. Kar a bar maganar nan a hannun yara su biyu, su kunya za ta hana su, kuma kar a yi ta da kwana-kwana irin namu na "ai ba komai, duk yadda aka yi daidai ne", domin wannan ba komai ɗin ita ke haifar da komai daga baya.

Sadaki kuma ki buɗe kunne. Su mehr suke cewa. Yawancin musulmin Indiya Hanafawa ne mu kuma Malikawa, mu mafi ƙaranci rubu'in dinari su dirhami goma, wannan ba matsala ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, mu mun saba a ce sadaki kaza lakadan ba ajalan ba, a ƙirga a gaban jama'a a wuce wajen. Su kuma gidaje da yawa sukan rubuta adadi mai nauyi a takardar aure, a biya kaɗan ko ma kar a biya komai a ranar, sauran ya zama ajalan. Yana da daɗin ji a zauren biki amma bashi ne a wuyan yaro, kuma kotu tana karɓar wa matar. Sannan su da lakh suke lissafi, lakh ɗaya rupi dubu 100 ne, wanda in kika juya shi ya kai wajen sefa dubu 600, toh kar Baffa ya ji an ce "biyu" ko "uku" ya ce ai da sauƙi ya gyaɗa kai. A tsayar da abin da za ku iya biya a take, a rubuta an biya.

Ranar ɗaurin auren ma akwai ɗan bambanci da ya kamata yaro ya sani, ko da yake shekara biyar a gari na san ya halarci na abokai. Mu ango yana can baya cikin abokansa wakili ne ke karɓar masa. Su ango a gaba yake zaune kusa da alƙalin aure, ƙazi suke ce masa, shi da bakinsa zai ce kubul hai, wato na karɓa, ya sa hannu. Ita ma amarya wakili da shaidu biyu suna shiga wajen mata su tambaye ta, ta amsa ta sa hannu. Ana shafa fatiha sai ki ga an fara rabon busasshen dabino, ni da na ga haka sai da na yi dariya, na ce ashe dai duk kanwar ja ce, goro da alawa kawai suka rasa.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi amma ita ce ta fi cin kuɗi da lokaci: takardu. Ki cire kuɗinsu gefe tun kafin ki sayi ko ɗankwali. Haidarabad gari ne da ya sha fama da wasu attajiran ƙasashen waje masu zuwa su auri ƙananan yara na 'yan kwanaki su gudu, har kame aka yi na baƙin da wasu masu ɗaura auren, saboda haka duk baƙon da ya zo neman aure ana bincikarsa sosai, kar ku ɗauka wulaƙanci ne. Yaro ya je da kansa shi da surukinsa wajen ƙazin unguwarsu da ofishin rajistar aure tun yanzu, su karɓo jerin abin da ake so a rubuce. Ke kuma a nan ki je meri, ofishin magajin gari, ki fitar masa da takardar shaidar bai da aure da kwafin takardar haihuwa, a buga musu hatimin da ya kamata a Yawunde, abin da yake da Faransanci zalla a juya shi Turanci wajen mai fassara da hukuma ta sani. Fasfo ɗinsa da bizarsa su kasance da rai, kar a zo sa rana a tarar biza ta mutu. Dokarsu namiji sai ya kai 21 mace 18, wannan kun wuce. Akwai wata hanya ta daban, dokar aure ta musamman ta 1954, wadda ake bi in addini ya bambanta ko in mutum yana son auren gwamnati zalla, ita sai an liƙa sanarwa kwana 30 kuma shaidu uku ake kawowa, sannan tana taɓa yadda za a raba gado, saboda haka tunda duk musulmi ne kar ya sa hannu a kanta sai ya tambayi lauya da malami. Bayan nikah lallai a yi rajista a karɓi takardar gwamnati, da ita za a nema wa amarya bizar shigowa Kamaru, da ita kuma shi zai iya neman katin OCI bayan aure ya shekara biyu, katin da zai ba shi damar shiga Indiya ba tare da neman biza kullum ba. Ita kuma kar wani ya yi mata gaggawar canza ƙasa, Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba.

Wani abu kuma da na san ba wanda ya faɗa muku. Kin san a nan Kamaru in an je meri ɗaura aure ana tambaya, mace ɗaya ko fiye, a rubuta a takarda. Can kuwa ko a cikin musulmi ƙara aure ba kasafai ba ne, yarinyar da ta tashi a Haidarabad mai yiwuwa ba ta taɓa ganin gida mai kishiya a danginsu ba. Su zauna su yi wannan magana tun yanzu ita da shi, iyayenta ma su ji. Ban ce ga abin da zai zaɓa ba, ba ruwana, amma kar a ɗauko 'yar mutane daga wata duniya a kan abin da ba a faɗa mata ba.

Su waye za su je? Mutum biyu, in an matsa uku. Baffa dole, sai ke ko Inna, in lafiyar Inna za ta ɗauki tafiyar, don ba wasa ba ce: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, jirgin sama zuwa Adis Ababa, a sake wani zuwa Indiya. Wasu sukan bi ta Kusiri su haye Njamena su tashi daga can, ki kwatanta farashin biyun. Tikiti shi ne zai cinye kaso mafi girma na kuɗinku, kowace goggo da kika ƙara a tafiyar nan kin cire jarin farmasin yaro ne. Ofishin jakadancin Indiya yana Yawunde. Kuma karne, wato katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kar a manta shi, a yi allurar aƙalla kwana goma kafin tashi, in ba shi za su iya killace mutum a filin jirgi har kwana shida, biki ya wuce yana ɗaki. Sauran dangi a haɗa musu waya a tsakar gida su kalla kai tsaye. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, su kuma mutanen Haidarabad bikin dare suke, a wanda na je sai wajen sha ɗaya aka sa abinci ina ta gyangyaɗi, toh ƙarfe tara na darensu huɗu da rabi ne na yamma a Garwa, an idar da la'asar kenan, a shimfiɗa tabarma a dama kunu a kira maƙwabta.

Lokaci: Afrilu da Mayu zafinsu kamar namu ne ko Inna ba za ta ji baƙunta ba amma ba daɗin taro, daga Yuni zuwa Satumba damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai daɗi amma lokacin ne kowa ke biki, zaure yana tsada. Wasu gidajen ba sa aure a Muharram. In an ɗaura a masallaci bayan la'asar aka ci abinci a gida ko ƙaramin zauren unguwa, duk wannan lissafin bai dame ku ba.

Shagulgulansu suna da yawa in an biye musu. Akwai manje, ranar da ake shafa wa amarya kurkum a sa mata kaya rawaya ta zauna a ɗaki, kamar dai yadda muke sa amarya a lalle. Akwai sanchak, ranar da dangin ango ke kawo kayan amarya, kin ga lefe kenan. Akwai mehndi, wato ƙunshi. Sai nikah, sai jalwa inda ake sa madubi ango da amarya su ga juna a ciki, sai rukhsati wato kai amarya da koke-kokensa iri ɗaya sak da namu, sai walima wadda take kan ango, bayan nan ma akwai jumagi, liyafar da dangin amarya ke yi duk Juma'a har 'yan makonni. Ni shawarata a haɗe manje da sanchak da mehndi a yini ɗaya a cikin gida, mata zalla, ba zaure ba mai hoto na haya. Walima kuwa ku ce za ku yi ta a Garwa, can dai a yi 'yar ƙarama ta mutum talatin ko arba'in don a fita haƙƙi. Ku tanadi 'yan canji a aljihun ango, ƙannen amarya za su sace masa takalmi ba za su bayar ba sai ya biya, sayen baki ne nasu, a yi ciniki a yi dariya.

Lefe. Akwati biyu sun isa, kuma jirgi ma ba zai bar ki ki wuce kilo ba. Kar ki sayi sari ko wani kayan Indiya a nan ki kai musu, ɗaukar ruwa ne zuwa Binuwai, can ya fi araha ya fi kyau. Ki ba yaro kuɗi ya ba uwar amarya su je kasuwa da kansu, kusa da Charminar, hasumiyar nan mai ƙafa huɗu da aka gina a 1591, akwai wani layi Laad Bazaar da ba abin da ake sayarwa sai awarwaro da kayan amare, na shiga na rasa hanyar fita. Amaryar Haidarabad ta asali khada dupatta take sawa, wani mayafi mai tsawon yadi shida da ake naɗawa a kan riga da wando, kuma sau da yawa na uwa ko na kaka ake fitowa da shi, in suna da shi a gida kin huta. Abin da za ki ɗauka daga nan shi ne abin da ba su da shi: atamfa turmi uku ko huɗu masu kyau daga shagon Baffa, shadda ɗaya ta baban amarya a yi mata aiki, hula, takalmi da jakar fata na Marwa, sai humra da turaren wuta na mutanen Chadi. Humrar nan ki ƙara kwalba biyu a kan abin da kika yi niyya. Ni ƙaramar kwalba na ba matar mai gidanmu, kafin dare mata bakwai sun ƙwanƙwasa min ƙofa, su da suke ƙasar turare. A ɗaure ta da kyau a akwatin da za a auna ba jakar hannu ba, tawa ɗaya a filin jirgi aka karɓe ina ji ina gani. Kilishi kuwa a bar shi a gida duk da na san zuciyar Baffa za ta so, nama ba ya wuce kwastan, balle naman shanu a Indiya magana ce mai zafi. Zinare ɗan kunne da sarƙa marar nauyi ya wadatar, shi ma gara a saya can, shiga da zinare mai yawa haraji ne.

Anko na sari da ƙawayenki ke zuga ki, ki ce musu Goggo ta ce a'a. Sari in ba ki iya ɗaura shi ba a tsakiyar taro zai kwance miki. Ki sa leshinki ko atamfarki ki kafa ɗaurinki ki yafa gyale, Baffa ya zuba babbar riga ya karya hula, za ki ga yadda za a yi layin ɗaukar hoto da ku.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu kallon baƙar fata a wulaƙance a ƙasar nan, har a tsakaninsu ma suna fifita fari, ɗaliban Afirka suna shan magana a hanya da wajen neman hayar ɗaki. A biki ba za a rasa wata tsohuwa da za ta taɓe baki ba. Ki yi kamar ba ki gani ba, iyayen da suka ba ku 'ya sun riga sun shanye surutun danginsu kafin su ce eh. Kuma garin ba baƙon mu ba ne, akwai unguwa sukutum da ake kira AC Guards ta jikokin 'yan Afirka da suka yi wa sarkin garin, Nizam, aikin sojan doki, Siddi ake ce musu, kuma kiɗan marfa da ake buga wa ango a Haidarabad ta hannunsu da Larabawan Yaman ya shigo. Ranar da na ji shi a ƙofar gida na ɗauka a Kusiri nake. In za a kashe kuɗi a kan abin nishaɗi guda ɗaya, a kira masu marfa na awa ɗaya. Mu ma a namu ɓangaren sai a kama baki, kar ta zo a mayar da ita abin kallo, yara na bin ta ana ce mata ta yi rawar fim.

In ta iso Garwa ku yi mata naku, dilka da ƙunshi, buɗar kai, walima a ƙofar gida da rago ɗaya da shinkafa. Abinci kar ya tayar miki da hankali. Mutanen jihar Telangana, inda Haidarabad take, suna mutuwar son yakuwa, folere ɗin nan tamu, gongura suke ce mata, suna dafa ta da naman rago. Kuɓewa abincinsu ce, tsamiya kullum tana cikin miyarsu, dawa ma suna yin gurasa da ita. Tuwo da miyar kuka ne zai ɗauke ta lokaci, kar a tilasta mata. Ki sa ta sayo kayan ƙamshin girkinta da yawa ta taho da su, ranar da ta dafa muku biryani irin ta garinsu Inna da kanta za ta nemi ƙari. Ki kuma ware wani abu daga kuɗin nan ki ajiye ba wanda ya sani, na tikitin da za ta je ganin uwarta nan da shekara ɗaya ko biyu.

TAMBAYA

Salam Goggo. Ni direba ne a wani kamfani a Njamena, maigidana Ba'indiye ne mai addinin Hindu, ya gayyace ni bikin 'yarsa da za a yi wani ɓangare a nan. Me zan kai, kuma ya zan yi da abin da ya shafi addininsu? Ɗanki daga Kusiri.

AMSA

Ɗana ka je, gayyata girmamawa ce. Kuɗi ake sawa a ambulan, kuma su suna son adadin ya ƙare da ɗaya, kamar 501 ko 1001, saboda haka in dubu goma za ka bayar ka ɗora 'yar ƙwandala a kai, zai gane kuma zai ji daɗi. Kar ka kai kyautar fata, takalmi ko jaka, saboda yadda suke girmama saniya. Kar ka sa baƙaƙen kaya, fari fat ma a wajensu na makoki ne, ka nemi shaddarka mai launi. Inda aka kunna wuta ango da amarya suna zagayawa suna taku bakwai, nan ne ibadarsu, ba wanda zai ce ka shiga, ka cire takalmi in ka ga an cire ka zauna daga baya. In an zo sa maka jan abu a goshi ka ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi ka ce na gode, sun saba da musulmi sun san wannan. Abincin sau da yawa ba nama a ciki sam, wake ne da ganye da shinkafa da kayan zaƙi, sai dai ka tambaya in akwai giya a abin sha, kuma ka ci wani abu kafin ka fita don ba sa sa abinci da wuri.